Girafin yana ji, amma bai san wanda ya taɓa shi ba

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, kuma bincikena a kan sensa ne, wato na'urar gano tururin sinadarai a cikin iska. Na karanta cewa girafin, wato falle ɗaya na kabon mai kaurin atam ɗaya, yana da kaifin ji har yana iya sanin saukar ƙwayar iskar gas guda ɗaya a kansa. To in haka ne, me ya sa kusan duk aikin da na ci karo da shi sai an shafa masa wani abu, ko an huda shi, ko an barbaɗa masa ƙarfe? Kuma wace hanya ce ta fi, in ina son haɗa wadda za ta gane tururin asiton, sinadarin nan da ake goge fentin farce da shi, a cikin iskar ɗaki?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika karanta gaskiya ne, sai dai da sauran magana a bayansa. Ji daban, ganewa daban. Girafin kamar mutum ne da aka ɗaure wa ido aka tsayar a tsakiyar taro: ko da ɗan yatsa aka shafe shi zai ji, amma ki tambaye shi wa ya taɓa shi, ba shi da amsa. Duk shafe-shafe da huje-huje da barbaɗe-barbaɗen da kike gani ƙoƙari ne na ba wa wannan mutum hanyar gane hannun da ake nema a cikin hannuwa dubu. Kuma kowace dabara a cikinsu akwai abin da take ci, babu wadda ta zo kyauta.

Mu fara da inda kaifin jin ya samo asali. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov, a Jami'ar Manchesta ta Ingila, suka riƙa ɓare girafait, wato baƙin abin nan na cikin fensir, da salatif, har suka samu falle ɗaya tak na atam ɗin kabon jere kamar saƙar zuma. Aikin ne ya ba su kyautar Nobel a 2010. Sai kin ɗora irin wannan falle kusan miliyan 3 kafin ki samu kaurin milimita 1. Abin da wannan ke nufi ga mai haɗa sensa shi ne, abin ba shi da ciki, duk jikinsa waje ne. A dunƙulen ƙarfe, in tururi ya sauka a fatarsa, lantarki yana bin ta can ciki abinsa, bai ma san an yi baƙo ba. A falle ɗaya kuwa, hanyar da lantarki ke bi ita ce fatar. Giram 1 na girafin, in an lissafa fuskokinsa biyu, ya kai faɗin murabba'in mita 2,630. Ga shi kuma hayaniyar lantarkinsa, wato 'yar rawar da awo ke yi ko ba a taɓa komai ba, kaɗan ce, don haka ƙaramin motsi yana fitowa fili.

Gwajin da kika ambata na 2007 ne, daga wannan ƙungiya ta Manchesta. Sun nuna cewa iskar NO2, wato naitirojin dayoksaid, da tururin ruwa suna zuƙe elektaron daga girafin, ammoniya da kabon monoksaid kuma suna ba shi, kuma turjiyar da fallen ke yi wa lantarki tana sauyawa gwargwadon haka. Da suka tsinka NO2 ƙwarai, sai awon ya riƙa tsalle mataki-mataki, kowane mataki ƙwaya ɗaya ce ta sauka ko ta tashi. Aiki ne mai ban sha'awa har gobe. Amma ki lura da yanayin da aka yi shi: ɗan mitsitsin girafin ne, an tsabtace shi a cikin mazubin da aka zuƙe wa iska, an sa shi ƙarƙashin maganaɗisu mai ƙarfi, an kawo masa iskar gas ɗaya wadda an riga an san sunanta. Kuma kafin ya koma yadda yake sai da aka gasa shi a digiri 150. Bayan haka, kalmomin da fallen ya iya biyu ne kacal: an ba ni, ko an karɓe mini. Iskar ɗaki ɗaya kuwa tana ɗauke da ɗaruruwan nau'in tururi, daga fenti, daga katako, daga turare, daga numfashin mutanen da ke zaune. Kalma biyu ba za ta kira sunan ɗari ba.

Akwai wani bincike da nake so kowane ɗalibi ya sani kafin ya taɓa kwalba ɗaya a ɗakin gwaji, domin shi ne ya sauya yadda ni kaina nake kallon fannin. A 2009 ƙungiyar Charlie Johnson a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka ta yi wata tambaya mai sauƙi. Lokacin da ake ɗora wa girafin wayoyin ƙarfe, ana shafa masa wata roba mai suna PMMA, sa'annan a wanke ta. To, tana fita duka? Suka duba, suka tarar ba ta fita, akwai ɗan siririn saura a manne. Suka gasa na'urar a digiri 400 cikin iskar haidirojin da agon har dattin ya ƙone, suka sake gwada ta da tururin da ta saba amsawa. Sai ga amsar ta faɗi warwas. Ashe mafi yawan jin da ake yabon girafin da shi, wannan dattin ne ke jawo tururin yana tara shi a kusa da fallen, shi kuma girafin yana ba da rahoto. Tsarkakakken girafin ba shi da hannun kama komai. Kowane atam na kabon a jikinsa ya riga ya riƙe maƙwabtansa uku, sauran elektaron ɗinsa kuma sun bazu a kan fallen, don haka tururi irin asiton sai ya sauka ya tashi kamar ƙuda a kan gilashi.

Daga nan tunanin ya daidaita: tunda dai shafin da ke kai ne ke kamawa, to kada a bar shi ya zama dattin da ya zo bisa kuskure, a zaɓe shi da gangan. Shekara guda bayan haka wannan ƙungiyar ta shimfiɗa gajerun zarurrukan DNA a kan tsabtataccen girafin, ta nuna cewa amsar na sauyawa gwargwadon jerin haruffan DNA ɗin. Wannan shi ne amsar kashin farko na tambayarki. Girafin ne mai ba da labari, shafin ne mai zaɓen baƙo.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya. Sau da yawa ɗalibai sukan ɗauka cewa in shafi ya fi kamawa da ƙarfi ya fi kyau. Ba haka ba ne. Sensa ba tarko ba ce. Ana so ta kama, ta faɗa, ta saki, ta jira na gaba. Tsawon zaman ƙwayar sinadari a kan fata ya dogara da ƙarfin riƙon, wanda ake aunawa da ma'aunin makamashi eV, kuma dangantakar ba ta hawa a hankali, ninkawa take yi. A zafin ɗaki, duk ƙarin 0.06 eV yana ninka tsawon zaman sau 10. In muka ɗauka ƙwayar tana yunƙurin tashi sau tiriliyan 10 a daƙiƙa, wanda shi ne ƙiyasin da aka saba amfani da shi, riƙo mai ƙarfin 0.5 eV zai riƙe ta ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. Na 0.8 eV zai riƙe ta kusan daƙiƙa 3. Na 1.0 eV kusan awa 2. Na 1.2 eV kuwa wata 5 da ɗoriya. Ki dubi ƙanƙantar tazarar da ke tsakanin abin da bai zauna ba balle a ji shi da abin da ya zauna ya ƙi tashi. Duk sana'ar yi wa kayan falle ɗaya kwaskwarima a cikin wannan 'yar kafa take. In kin ga an yi lissafin kwamfuta an ce sabon abu yana riƙe wani gas da ƙarfin 2 eV, an kuma kira shi kyakkyawar sensa, ki sani soso aka samu, ba sensa ba. Zafi ne ke ceto: riƙon 1.0 eV da ke ɗaukar awa 2 a zafin ɗaki, a digiri 150 bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Shi ya sa ake maƙala wa wasu na'urorin ɗan hita, ko a haska su da fitilar UV don su saki abin da suka kama. Sai dai da zarar kin koma ga hita, kin fara rasa abin da ya kawo ki. Tun ƙarshen shekarun 1960 Naoyoshi Taguchi na Japan ya fitar da sensa ta oksaid ɗin kuza, SnO2, wadda ke aiki sosai in an zafafa ta zuwa digiri 200 ko 400, kuma har yau ita ke cikin ɗimbin na'urorin gargaɗin yoyon gas. Alƙawarin kayan falle ɗaya shi ne a yi wannan aiki ba tare da dumama ba, da ɗan batir ƙarami.

Hanyoyin kwaskwarimar kansu, in kin tace su, bambancinsu ɗaya ne: an taɓa saƙar fallen ko ba a taɓa ba.

Hanyar da ba ta taɓa saƙa ita ce a kwantar da wani sinadari a kai kawai. Akwai sinadarai masu zobban kabon a shimfiɗe, irin su fairin mai zobe huɗu, da fofirin, da talosayanin, waɗanda ke lafewa a kan girafin kamar takarda a kan takarda saboda elektaron ɗin zobbansu suna jituwa da na fallen. Sai a ɗaura wa fairin wutsiya mai ɗauke da hannun da ake so. Fofirin da talosayanin kuwa suna da atam ɗin ƙarfe a tsakiya, kobal ko jan ƙarfe ko zink, kuma in kin sauya ƙarfen kin sauya baƙon da zai fi so. Amfanin wannan hanya shi ne lantarkin girafin yana nan da saurinsa, hayaniya ba ta ƙaru sosai ba. Illarta ita ce shafin yana iya gusawa, ko ya dunƙule wuri ɗaya, ko zafi ya kore shi. Ni ita nake ba wa mai farawa shawara, domin in an yi kuskure ana iya wankewa a sake.

Hanya ta biyu ita ce a ɗaure hannun a jikin kabon ɗin kansa. Ana yin haka da gishirin dayazoniyam, ko a buɗe giɓi da filasma ta oksijin, ko a cusa atam ɗin naitirojin ko boron a gurbin kabon. Abin da aka ɗaure haka ba ya gusawa. Amma kowane ɗauri tabo ne a kan hanyar lantarki. Atam ɗin da aka ɗaure ya fita daga sahun masu kai saƙo, elektaron suna tuntuɓe da shi, hayaniya tana ƙaruwa. Za ki ga wannan da idonki a gwajin Raman, wato haska fallen da hasken leza a auna hasken da ya dawo: a zanen sakamakon, tsaunin D, mai nuna tabo, zai riƙa tasowa kusa da tsaunin G, mai nuna saƙar kabon ɗin. Tabo kaɗan yana ƙara ji. Da yawa kuma yana mai da fallen mataccen abu. Misali mafi shahara a nan shi ne oksaid ɗin girafin, wanda ake dafawa ta hanyar Hummers ta 1958. Fitowarsa ta farko cike yake da oksijin, ba ya wuce lantarki, sai a rage masa oksijin ɗin har ya farfaɗo. A 2008 masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen rundunar sojan ruwan Amurka sun nuna cewa tsawon lokacin da aka ɗauka ana ragewa da tururin haidirazin shi ke daidaita ji da hayaniya, kuma sun gano tururin wasu sinadarai masu guba da na abin fashewa a matakin ppb, wato kashi ɗaya cikin biliyan. Sun kuma lura da abin da za ki gani a naki awon: amsa mai sauri wadda ke komawa, daga wuraren da saƙar take lafiya, da amsa mai jan ƙafa wadda ba ta son komawa, daga wuraren tabo da oksijin.

Barbaɗa ƙarfe ba zan daɗe a kansa ba, domin ba shi ne maganin matsalarki ba. Inda ya yi fice shi ne haidirojin. Ɓurɓushin faladiyam yana raba ƙwayar haidirojin gida biyu ya shanye ta, yanayin lantarkinsa ya sauya, girafin da ke ƙarƙashi ya ba da labari. Tunda haidirojin tana kama wuta daga kashi 4 cikin 100 a iska kuma ba ta da wari, wannan aiki ne mai ceton rai. Amma iska mai ɗauke da farar wuta, irin H2S, tana kashe faladiyam ɗin.

Kin ce girafin, amma kada ki tsaya a kansa, danginsa sun yi yawa yanzu. MoS2 falle ne mai hawa uku, molibdinam a tsakiya, farar wuta sama da ƙasa, kaurinsa nanomita 0.65, ita kuwa nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Bambancinsa da girafin shi ne yana da giɓin makamashi na kusan 1.8 eV, ma'ana ana iya kashe lantarkinsa a kunna. Ƙungiyar Andras Kis a Lozan ta Suwizalan ce ta haɗa taransista da falle ɗaya nasa a 2011. In kin tsayar da shi daf da bakin kashewa, ɗan ƙaramin caji yana kawo babban sauyi. A 2013 waɗancan masu binciken na sojan ruwa sun nuna cewa falle ɗaya na MoS2 yana amsa wa tururin tirayetilamin, mai ba da elektaron, ya yi biris da da yawa daga cikin sauran. Wato shi da ɗan zaɓensa ya zo. Ga kuma wata baiwa: yakan rasa atam ɗin farar wuta nan da can, kuma sinadaran tayol, masu farar wuta a kai, suna zuwa su toshe waɗannan guraben su bar wutsiyarsu a waje. A 2014 wata ƙungiya a cibiyar KAIST ta Koriya ta Kudu ta ɗaura masa tayol mai wutsiyar asid, sai amsarsa ga tururi masu oksijin, dangin asiton da itanol, ta juya: inda turjiya ke hawa a fallen da ba a taɓa ba, sai ta riƙa sauka a wanda aka ɗaura wa. Wannan ya fi ƙarin kaifi daraja nesa ba kusa ba, domin na'urori biyu da ke amsa wa abu ɗaya ta fuska biyu sun fara ba ki sa hannun baƙon.

Sai maksin, wasu dangin kayan falle ne, waɗanda Michael Naguib da Michel Barsoum da Yury Gogotsi suka fitar a Jami'ar Drexel ta Filadalfiya a 2011. Sun jiƙa Ti3AlC2 a asid ɗin HF, alminiyam ya narke, aka bar fallayen titaniyam da kabon. Waɗannan suna wuce lantarki kamar ƙarfe, don haka hayaniyarsu ƙasa take ƙwarai, kuma tun daga haihuwa fatarsu a lulluɓe take da OH (oksijin haɗe da haidirojin) da oksijin da fulorin, wato da hannuwansu suka zo. A 2018 haɗin gwiwar KAIST da Drexel ya ba da rahoton gano tururin asiton da itanol da danginsu daga ppb 50 zuwa 100 a zafin ɗaki. Ga mai neman asiton, wannan abin dubawa ne. Sai dai abu biyu. Na farko, turjiyarsu hawa take yi kusan ko wane tururi aka kawo, domin wani ɓangare na amsar daga kumburi ne: tururin yana shiga tsakanin fallaye ya buɗa su, lantarki ya sha wuyar tsallakawa. Na biyu, ruwa da oksijin suna cinye su a hankali su mai da su TiO2, wato oksaid ɗin titaniyam. Shi ya sa ake ajiye ruwansu a sanyi, a kore masa oksijin, kuma a 2020 masu bincike a Jami'ar Purdue suka lulluɓe su da sinadarin silen mai wutsiyar fulorin don ruwa ya daina zama a kansu. Baƙin fosfaras kuwa, wanda aka fara ɓarewa falle-falle a 2014, yana jin NO2 sosai, amma iska da haske da laima suna lalata shi cikin ɗan lokaci in ba a rufe shi ba. Ba zan ba wa mai shekara biyu ta karatu shawarar ta jingina bincikenta da shi ba. In kuma kin zaɓi maksin, don Allah kada ki taɓa HF ke kaɗai ko ba tare da horo ba. Yana ratsa fata ya kai ga ƙashi, kuma zafin ba ya zuwa nan take. Akwai hanyar haɗa gishirin LiF da asid ɗin HCl da aka fitar a 2014, ta fi sauƙin sarrafawa, amma ita ma HF take haifarwa a cikin kwalba, don haka kariyar ɗaya ce.

Kin ce iskar ɗaki, kuma wannan kalmar ita ce ta fi komai nauyi a tambayarki. Babban abokin hamayyarki ba itanol ba ne, ba toluwin ba ne, ruwa ne. A digiri 25, in laimar iska tana kashi 50 cikin 100, tururin ruwa ya kai kusan ppm 15,600, wato kashi 15,600 cikin miliyan. Ke kuma kina neman asiton ppm 1. Kowace ƙwayar asiton ɗaya tana tare da ƙwayoyin ruwa fiye da dubu goma sha biyar, kuma hannun da ke kama asiton shi ne dai hannun da ruwa ke so. Asiton yana da oksijin mai neman a miƙo masa haidirojin, don haka shafin da ya dace da shi shi ne mai miƙa haidirojin, irin OH. Ruwa kuwa yana miƙawa yana karɓa. In laima ta motsa da kashi 1 kacal cikin 100, ruwan da ya ƙaru ya haura ppm 300. Masu son auna asiton a numfashi, wanda a lafiyayyen mutum yawanci bai kai ppm 1 ba kuma yakan hau in jiki yana ƙona kitse, sun fi kowa shan wannan wahala, domin numfashi a jiƙe yake sharkaf. Wannan ne dalilin da ya sa raina ke ɓaci in na ga an gwada sabuwar sensa a busasshiyar naitirojin kaɗai, sa'annan a rubuta cewa za ta yi aikin gano cuta. Akwai marar lafiya a ƙarshen wannan magana, bai kamata a yi masa alƙawarin da ba a gwada ba.

Akwai dabarun rage ƙarfin ruwa. Ana sa OH ɗin a tsakiyar fulorin, kamar rukunin heksafuloro-aisofurofanol, inda fulorin ke ƙara wa OH ƙwazon miƙa haidirojin kuma yana korar ruwa. An fi saninsa wajen kama DMMP, sinadarin da ake gwaji da shi a madadin gubar sarin, amma dabarar ɗaya ce. Ana kuma ɗora rariya a sama, wato siririn shafi mai ƙananan ƙofofi irin ZIF-8 wanda ba ya son ruwa, ko a ɗan dumama na'urar kaɗan yadda ruwa ba zai taru ba. Babu ɗaya daga ciki da ke kawar da matsalar ɗungurungum.

To wace hanya ce ta fi? A ganina, kada ki nemi shafi ɗaya da zai gane asiton shi kaɗai. Ga gas masu zafin hali irin NO2 da ammoniya da haidirojin, ana iya kusantar haka. Ga tururi masu sanyin hali irin asiton da itanol da toluwin, waɗanda ba sa ba da elektaron sosai kuma ba sa karɓa, hanyar da ta fi ita ce ta hancin ɗan Adam. Hancinmu yana da nau'in makarɓar wari kusan 400, babu wadda ta keɓanta da wari ɗaya, ƙwaƙwalwa ce ke karanta yadda suka amsa a tare. Krishna Persaud da George Dodd sun kwaikwayi wannan a Jami'ar Warik ta Ingila tun 1982. Ki haɗa 'yan na'urori biyar ko shida a kan allo ɗaya, duk daga falle iri ɗaya, amma shafinsu ya sha bamban da gaske. Ɗaya mai miƙa haidirojin, wadda za ta fi karkata ga asiton. Ɗaya mai karɓar haidirojin, wadda za ta ji itanol ta yi sanyi ga asiton, tunda asiton ba shi da abin miƙawa. Ɗaya mai zobban kabon don toluwin da benzin. Ɗaya mai doguwar wutsiyar mai wadda ba ta son ruwa. Ɗaya kuma ki bar ta tsirara, ita ce shaidarki. Ki ƙara da ma'aunin laima da na zafi na kasuwanci a gefe. Asiton zai bar sawu daban da na itanol a kan wannan jeri, ko da babu ɗaya a cikinsu da ta san shi ita kaɗai. Amfanin jerin yana cikin bambancin shafin. Shafi shida masu hali ɗaya na'ura ɗaya ce aka maimaita.

Abu biyu na ɗakin gwaji da ba a cika rubutawa ba. Na farko, ki tabbatar daga ina amsar ke fitowa. A na'urorin MoS2 musamman, sau da yawa ba fallen ne ke ji ba, mahaɗar fallen da wayar ƙarfe ce, inda akwai ɗan shinge da tururi ke ɗagawa ko saukewa. In kin yi wa tsakiyar fallen ado alhali a bakin waya ake aikin, za ki fassara sakamakonki ba daidai ba. Ki rufe mahaɗar a na'ura ɗaya, ki bar ta a buɗe a wata, ki kwatanta. Na biyu, ki tuhumi bututunki kafin ki tuhumi kayanki. Na taɓa shafe makonni ina neman dalilin da ya sa wata sensa ta ammoniya ke jan ƙafa wajen komawa, na sauya shafi, na sauya zafi, ashe bututun roba mai laushi da ke kawo iskar ne ke shanye ammoniyar yana sakinta kaɗan-kaɗan bayan an rufe famfo. Da na mai da shi na Teflon, gajere, matsalar ta ragu ƙwarai. Asiton ma yana shiga jikin roba iri-iri.

Don haka kafin ki sayi sinadarin shafi ko ɗaya, ki yi awo uku da fallen da kike da shi a tsirara. Ki bar shi a busasshiyar iska mai tsabta na tsawon kwana guda ki ga yadda awon ke rawa da yadda yake gangarawa shi kaɗai, domin daga nan ne za ki san ƙaramin abin da za ki iya cewa kin gani: al'adar fannin ita ce sai amsa ta ninka hayaniya sau 3. Sa'annan ki hau da laima daga kashi 20 zuwa 80 cikin 100 ki sauko, ba tare da asiton ba. Sa'annan ki kawo asiton a matakai uku ko huɗu a laimar kashi 50, kowane mataki ki maimaita shi sau da yawa, ki rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya koma. Ki yi haka da na'urori aƙalla uku, ba ɗaya da ta fi kyau ba, kuma ki sake bayan wata guda. In kin samu waɗannan, ki turo mini su tare da hoton Raman ɗin fallen, daga nan za mu san shafin da ya kamata ki fara gwadawa.